Yadda Aka Raba Gadon Zanen Yaya Inuwa

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Inuwa, Allah Ya jiƙansa, kuma bana ne sojoji suka tattara suka koma bariki. Na rasa wanne ya fi ɗaure min kai, mulkin farar hular ko abin da Yaya Inuwa ya bar mana.

Kayan yaji yake sayarwa a Kasuwar Kurmi. Yakan sayi tsofaffin jaridu don ƙunshe wa mutane citta da kanumfari, amma ba ya ƙunshi da shafi sai ya sa almakashi ya cire zanen barkwancin da ke ciki. Har tallan sabulu da na maganin ciwon kai bai bari ba, muddin da ɗan mutum mai ƙaton kai a jiki. Ni dai shirme na ɗauke shi. Bayan la'asar zaurensa na Shahuci cika yake, ana miƙa wa juna ana dariya. Wanda aka zana soja kuwa, sai an leƙa waje kafin ya fito da shi.

Yau ga shi ana zana manya da tumbi a shafin farko, ba mai leƙa waje. Da Yaya yana nan, murna zai yi, ko cewa zai yi abin ya rage daɗi? Wallahi ban sani ba.

Ranar rabon gado, malamin da ya zo ya dubi adakar takardun ya rasa yadda zai yi. Ƴaƴan kuma kowa ya ce yana so. Sai ya bi ƙa'ida: aka fitar wa matarsa Hajiya Gambo tumuninta, namiji ya ɗebi biyu, mace ɗaya. Ba wanda ya tuna cewa yawancinsu labari ne mai ci gaba mako-mako. Akwai na wani mai keke da ya tafi neman jakinsa: farkonsa ya faɗa gidan babban ɗansa, tsakiyarsa a Ƙofar Mata wajen ƴarsa, ƙarshensa a ɗakin Hajiya. Duk jikan da ke son jin yadda aka kwashe da jakin, sai ya taka gida-gida.

Wannan abu ya daɗe yana ci min rai. Takarda tana tsufa, gara ba ta da imani. Na ce bana kam zan haɗa su wuri ɗaya, a manna a jere kamar yadda mai su ya ajiye. Ƴaƴan duk suka ba ni nasu. Saura Hajiya, wadda tun da ƙafa ta hana ta fita take zaune ita kaɗai.

Na gaishe ta, na yi bayani mai tsawo. Ta bar ni na gama tsaf.

"Malam Ado, kai dai da son gyara!" in ji ta. "Ko lokacin yayanka haka kake."

"Hajiya, lalacewa za su yi fa."

"Su lalace mana."

Na ce haba, ai amanar mamaci ce. Ta janyo kwanon da take ajiye su ta ɗora a cinya, ta dafe murfin.

"In na ba ka, me zai ƙara kawo yaran nan ɗakina?"

Ga ragowar takardun nan a zaurena, an jera su tsaf, ba ƙarshe. Na kasa komawa in roƙe ta, na kuma kasa mayar wa kowa nasa. Jiya jikokin suka zo suka karanta, suka sa takalmansu suka nufi wajenta.