Ɗinkin Gidanmu a Jikin Kyarkeci

Manfuha, ƙarfe huɗu da rabi na asuba

Sanyi na cin ƙashi muka baro Manfuha, unguwarmu a Riyad, ni da Haladu direba, a tsohuwar akori-kurar kafilinsa, Balaraben da yake wa aiki. A jakata akwai aska, basilla, zare mai kaki da gishiri mudu biyu. Ni baduku ne, a wani shago nake gyaran fatun da ake yi wa rigunan sanyi shafi da su. Wani dattijo mai tumaki, Abu Nasir, ya aiko cewa ya harbe kyarkecin da ya dame shi, in zo in feɗe, in ɗinke hujin harsashi, ya sayar da fatar.

Ba na son aikin, don an hana farautar nan. Amma duk kiran da zai kai ni sahara ba na ƙi. Shekara uku ke nan da Yaya Lawal ya tafi kiwo a kudancin Riyad, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Duk Juma'a in na kira gida, Inna ba ta ko gama amsa gaisuwa take tambayarsa.

Hanyar Kharj, kilomita tamanin

Biyar da minti ashirin muka iso shingen bincike. Ɗan sandan wurin ya haska igamata, wato katin izinin zama, ya haska fuskata, ya ce mu wuce. A Kharj muka yi sallah, muka karya da burodin tamis da wake da shayi, riyal tara mu biyu. Haladu ya cinye kashi biyu cikin uku, yana kukan ba shi da cin abinci da safe.

Bakwai daidai muka sauka daga kwalta. Kilomita arba'in da biyu babu gida, babu itace, sai shingen waya. A jikin wani turke muka ga gawar kyarkeci rataye kai ƙasa, ta bushe, iska na juya ta. Haka makiyayan nan suke yi, wai gargaɗi ne ga 'yan uwansa. Haladu ya kashe rediyo.

"Malam Sani, ni fa wurin nan bai kwanta mini ba."

"Tuƙa kawai," na ce.

Rugar Abu Nasir, takwas da rabi

Ya tarbe mu da gahawa da dabino. Na nuna masa hoton Yaya kamar yadda nake nuna wa kowa. Ya girgiza kai, ya ce makiyaya zuwa suke yi suna tafiya.

Dabbar tana bayan tanti, tsoho ne, bai fi dila girma da yawa ba. Na tsaga daga haɓa zuwa wutsiya, na fara ɗaye fatar. A cinyar hagu askata ta ci karo da wani abu. Zare ne, baƙi, mai kaki, nama ya rufe shi tuntuni. Wani ya taɓa ɗinke dabbar nan tana da rai, kuma ta warke.

Na goge jini na duba. Ɗinki uku, a koma baya ɗaya, a ƙulle sau biyu. Haka Baba ya koya mana, ban taɓa ganin wani gida na yi ba. Kuma ƙullin ya karkata dama, aikin bahago. Mu biyu Baba ya koya wa, ni da Yaya, ni kuwa ba bahago ba ne.

Na juya wajen Abu Nasir, na kira shi baffa da Larabci. Na ce, "Ya Ammi, a ina ka harbe shi?"

"Ai bai ba ni wahala ba. Kullum wuri ɗaya yake kwanciya, kan wasu duwatsu. Ko motata ya ji ba ya tashi."

"Kai ni."

Kwarin duwatsu, kilomita shida

Babu tsuntsu, babu ƙuda, ko iskar ta tsaya. Duwatsun a jere suke, tsawon mutum. Gefe guda ƙasa ta lotsa ta yi sumul, duk gashi, ga jinin jiya. Abu Nasir ya ce ya ji masu raƙuma sun tsinci wani baƙin mutum a nan bara waccan, ba takarda a jikinsa, suka yi masa sutura. Abin da suka samu a aljihunsa suka soke a wajen kai. Na durƙusa na zaro. Basilla ce, an naɗe ƙotarta da jar fata. Ni na naɗe ta, ranar da zai baro gida.

Na yi kuka har Haladu ya riƙe ni. Abu Nasir ya cire rawaninsa ya share fuska.

"Wallahi ban sani ba, ɗana. Fatar taka ce."

Muka koma ruga muka ɗauko dabbar. Na ɗinke hujin harsashin da basillar Yaya, uku a koma ɗaya. Muka haƙa rami nesa kaɗan da ƙafafunsa, muka mayar wa dabbar rigarta, muka rufe.

Manfuha, bayan la'asar

Huɗu da kwata muka iso. Na gode wa Allah, na gode wa Haladu, da masu raƙuman da ban san sunansu ba. Ban jira Juma'a ba, na kira gida.

"Sani? Yau Talata fa," in ji Inna.

"Na gan shi, Inna. An yi masa sutura."

Sai ta ce, "Shi kaɗai ne a dajin?"

Na ce a'a, akwai mai gadinsa, shekara biyu bai matsa ba. Ta ce Allah Ya yi masa albarka, in gaishe shi. Na ce to.