Allon da Kawu Ya Kasa Ganewa

Damina goma sha bakwai ke nan da rasuwar kawuna Malam Sule mai zayyana, amma har yau akwai yammaci guda da na kasa warware shi a raina.

A ƙauyukanmu na gefen Ɗanbatta, duk wanda ya sauke Alƙur'ani, allonsa sai ya bi ta hannun Kawu, ya ƙawata shi da jar tawada da koriya kafin ranar walima. A jikin wani tsohon allo na mahaifinsa ya koyi zanen. Da shekarun fari suka zo, rumbu ya ƙone, walima ta ɗauke, sai ya ba wani falke allon nan ya karɓi buhun gero. Mun ci geron, ni ma na ci, don haka ba ni da bakin zargi.

Bayan 'yan shekaru, wahalar ba ta gama sakinmu ba, wani direba ya ce ya ga irin allon a gidan adana kayan tarihi a birni, inda ake zagayawa da baƙi da yamma. Kawu ya hana ni sakat sai da na kai shi. A bakin ƙofa ya nemi buta ya yi alwala, ya tuɓe takalmi, tunda gun Alƙur'ani za shi. Sauran baƙin suna ta satar kallonsa, ni kuwa kunya kamar in nutse.

Jami'in da ke zagayawa da mu mutumin kirki ne. Ya nuna mana Alƙur'anai rubutun hannu, sannan alluna a jere cikin gilashi, fitila na haska su. Kawu ya tsaya gaban ɗaya har ayari ya wuce ya bar mu. Na tambaye shi ko shi ne, ya ce bai sani ba. Ya roƙa a buɗe masa, jami'in ya ba shi haƙuri, ya ce hannu ke lalata su.

"Ɗana, ni da hannu na san shi, ba da ido ba," in ji Kawu.

An ce gani ya kori ji, amma ranar gani bai kori komai ba. A mota ya ce in shi ne, ya huta da gara, alhamdu lillahi. Can da muka kusa gida kuma ya ce allon da ba a taɓawa ai an binne shi ne da rai. Har ya koma ga Allah ban san wanne ne ra'ayinsa ba, kuma ina jin shi ma bai sani ba.

Yanzu abin ya dawo kaina. Allonsa na ƙarshe yana ɗakina, gara ta fara cin gefensa. 'Yata Hadiza, malamar makaranta, ta dage in kai shi birni a adana. Gaskiyarta. To amma yau da ake sayen zayyanar inji a kasuwa a manna, wa zai san nauyin na hannu in na rufe shi a gilashi? Da Kawu na nan, wacce daga cikin maganganunsa biyu zai maimaita mini? Gaba kura, baya siyaki.

Ban yanke komai ba. Sai dai ran Juma'a, da Hadiza ta zo ɗaukarsa, na ce ta fara riƙe shi tukuna. Babban yatsanta ya faɗa daidai gurbin da na Kawu ya sassaƙe a mariƙin. Sai ta mayar da shi inda yake.

Allah ya jiƙan Kawu. Gara za ta gama da allon, na sani, amma ya samu hannun da ya san shi.