Babur Mai Taya Uku na Hamidu

Shekara ashirin da shida Attahiru ya yi yana kabu-kabu tsakanin Illela da Ƙonni. Ya ɗauki mutane, ya ɗauki buhunan gero da na albasa, har akuya ya taɓa goyawa tana lasar masa ƙeya tun daga kasuwa har Tozai. Babur ɗaya ya yi duk wannan aikin da shi, wani ja ɗan Japan da ya saya na hannu tun kafin ya yi aure. Lokacin da aka sake rufe iyakar Nijar, ƙugunsa ya riga ya gaji, injin ma ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai kamar ruwa. Sai ya tura shi bayan rumbu, ya rufa masa tsohuwar tabarma, ya koma sayar da goro a bakin tasha.

A wannan shekarar ce ciwon suga ya kwantar da yayansa Hamidu, wanda ke zaune a Kalmalo yana noman albasa, yana kuma jefa komar kamun kifi idan tafki ya kawo ruwa. Wani ɗan gyambo ne ya fito masa a babban yatsa, ya ƙi warkewa, har aka kai ga yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa a asibiti a Sakkwato. Mutumin da rana ba ta taɓa fito masa a cikin gida ba, sai ga shi a zaure tun safe har yamma, sanda biyu jingine da bango. Duk ranar Juma'a Attahiru kan je gaishe shi. Hamidu ba ya kukan komai. Yakan dai tambayi yadda kasuwa ta ci, wa ya zo, wa ya rasu, sannan ya koma kallon hanya.

Wata Juma'a da Attahiru ya dawo, bai ko cire riga ba ya zagaya bayan rumbu ya yaye tabarmar. Tayoyin sun kwanta, tsatsa ta cinye salansa, kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashin injin. Matarsa Baraka ta biyo shi da muciya a hannu.

"Malam, mi kaka nema nan?"

"Mashin ɗin ga nika son in tayar."

"Da wane baya za ka hau shi?"

"Ba ni za ni hau ba. Yaya za ni gyara ma."

Ta dube shi, ta dubi babur ɗin, ta koma kan tukunyarta.

Attahiru ba bakanike ba ne. Abin da ya sani, a gefen hanya ya koye shi, lokutan da babur ya mace masa cikin daji babu mai taimako. Ya shimfiɗa buhu a gindin dogon yaro, ya kwance injin ɗaya bayan ɗaya, yana jera ƙusoshi a gwangwanayen tumatir don kada su ɓace masa. Idonsa ya yi rauni, saboda haka aikin sai tsakanin la'asar da magariba, bayan ya taso daga tasha. Idan ya durƙusa na rabin awa, sai ya dafa itacen kafin ya iya miƙewa. Baraka ta yi mita a kan kwanon wanke-wankenta da ya ɗauke yana wanke kafireta da fetur a ciki, daga baya ta haƙura ta bar masa shi.

Fistin ne ya fara ba shi wahala. Irin na wannan tsohon injin ya ɓace a Illela, duk shagon da ya shiga sai a ce masa an daina kawowa. Da aka buɗe iyaka ya canji sefa ya tsallaka Ƙonni, ya wuni yana tonon tarin tsofaffin ƙarafa a rana, ya dawo da guda ɗaya a aljihu. Da ya gwada, ya yi wa ramin kaɗan. Sati biyu bai ko kalli gindin dogon yaro ba. Sai da ya sake zuwa Kalmalo, ya tarar da yayansa yana ƙoƙarin kai buta bayan gida da sanduna biyu ruwan na zuba a kan wandonsa, sannan ya dawo ya sake shirin Ƙonni. A wannan karon ya dace da fistin da ya yi daidai.

Bayan injin ya tashi, saura abin da ya fi wuya. Mai ƙafa ɗaya ba zai iya tokare babur idan ya tsaya ba, kuma da ƙafar hagu ake saka giya. Attahiru ya samo tayar wani mataccen babur a wurin 'yan gwangwan, ya zana abin da yake so a ƙasa da tsinke, ya nuna wa Sahabi mai walda: taya ta uku a gefen hagu, da akwatin ƙarfe a kanta wanda zai ɗauki buhun albasa da sanduna. Giyar kuma ya haɗa ta da dogon ƙarfe da ya taso har gefen tanki, ya sa masa marfin kwalba a kai don hannu ya ji daɗin kamawa. Sau uku waldar tana ɓallewa a gwaji. A na uku Sahabi ya ɗage baƙin tabaransa ya ce, "Baba Attahiru, abin ga bai son zama." Attahiru ya ce masa ya ƙara ƙarfe a ƙasa su sake gani.

Wata bakwai aka ɗauka. Attahiru ya shafe babur ɗin da shuɗin fenti, domin shi kaɗai ya samu, ya tuƙa shi a hankali har Kalmalo da hantsi. Hamidu ya daɗe yana kallon abin daga cikin zaure.

"Wa yac ce maka ina son hita?"

"Babu wanda yac ce, Yaya."

"To don mi ka wahal da kanka?"

Attahiru ya zauna a dakali yana murza ƙugu. Can Hamidu ya jawo sandunansa. Da ƙyar ya hau, ya ƙi a taimaka masa. Ya tayar da injin da ƙafar dama, ya ja ƙarfen giya, babur ya motsa. Bai yi taku talatin ba nauyin akwatin ya janye shi hagu, ya shige cikin dannin maƙwabta, kara ya zubo masa a ka. Attahiru ya ruga wurinsa. Ya tarar da shi zaune daram, yana cire kara daga hularsa.

"Yana ja gefe," in ji Hamidu. "Kuma sirdin ga tauri gare shi."

Attahiru ya mayar da babur ɗin Illela, ya karkata tayar gefen kaɗan, ya ƙara wa sirdin soso. Wannan ma ya ci wata guda.

Yanzu duk ranar kasuwa Hamidu kan shigo gari da albasarsa, ya tsaya a ƙofar gidan ƙaninsa. Ba a taɓa rasa abin da ya kwance a hanya, ko ƙusa ko sarƙa, kuma Attahiru ne ke durƙusawa ya ɗaure. Hamidu bai taɓa yi masa godiya da baki ba, sai dai yakan bar wa Baraka albasa ko busasshen kifi a zaure.

Kwanan baya wani mutum daga Darna Sabon Gari, wanda shan inna ta shanye wa ƙafafu tun yana yaro, ya zo har tasha a kan keken guragu. Ya ce ya ga na Hamidu a kasuwa, shi ma yana da tsohon babur na mahaifinsa a ajiye. Attahiru ya ce masa shi mai goro ne, ba bakanike ba, kuma bayansa ya ƙare. Mutumin ya ce ya ji, amma bai tafi ba. Attahiru ya yayyafa wa goronsa ruwa, ya gyara algararar da ya rufe shi da ita, ya sallami mai saye ɗaya. Sannan ya tambaye shi wane irin inji ne, kuma shekara nawa ya yi a ajiye.