Shayin Da Na Riƙa Sha A Madadin Mai Takaba

Ni dai mantuwa ta fara kama ni, sai in shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina me ya kawo ni. Amma akwai wata la'asar a ƙarƙashin rakubar gidanmu a Gadarif, wato rumfar karan da muke shan inuwa a cikinta, wadda na tabbata ko sunana na manta, ita ba za ta fita daga raina ba. Kuma duk maganar a kan shayi ce.

Shekarar da yaƙi ya tashi a Khartum, ƙanin maigidana ya iso mana shi da matarsa. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu ne rak, kuma irin zaman nan suke yi na mutanen da suka daɗe tare har tarinsu ya zama iri ɗaya. Shi ɗan dukkan gare shi, wato shago, a kasuwar Umdurman, yana sayar da kayan ƙamshi, su habahan da girfa da kanumfari. Da suka sauko daga mota, kaya kaɗan ne a hannunsu, amma akwai wata jaka da ya rungume a ƙirji kamar jariri. Na ɗauka zinari ne. Matar ta harare shi ta ce da ni, "Yaya, mutane suna ɗauko takardun gida, wannan ganye ya ɗauko." Shi kuwa dariya kawai ya yi, ya ce idan hankali ya kwanta zai shayar da mu abin da ba mu taɓa sha ba.

Hankalin bai kwanta ba. Dama yana da ciwon ƙoda, magani ya yi wuya, damina na tsaka Allah ya karɓi abinsa. Jakar nan tana ƙarƙashin gado, ko zik ɗinta bai buɗe ba.

Matar ta shiga takaba. Farin tob, mayafin nan da matan Sudan ke naɗawa, ba lalle, ba kwalli, ba turare. Wannan duk mun san shi. Abin da ba mu shirya masa ba shi ne ta daina cin abinci. Ba ta yin gardama da kowa, in ka kawo kisra, wainar dawar nan falle-falle, ta karɓa ta yi godiya, ta taɓa gefe ta ture. Ba kuka, ba magana. Wuyan hannunta ya koma kamar karan dawa. Ran nan ta je ɗiban ruwa a randa jiri ya kwashe ta, da muka kai ta wurin likita ya ce ba wata cuta a jikinta sai yunwa, kuma in aka ci gaba a haka to za mu yi makoki na biyu a gida ɗaya.

Gidan ya koma na raɗa. Ni da ko kaji nake yi wa hira, na koyi tafiya da sanɗa. Duk mai shiga wurinta murya ƙasa-ƙasa, "Ma'alesh, sai haƙuri," ita kuma ta gyaɗa kai. Mun lulluɓe ta da tausayi ta ko'ina, har ba ta da ƙofar da za ta leƙo.

Wata safiya ina share ɗakinta, tsintsiya ta jawo jakar nan, zik ɗin ya ɓalle, wani gwangwani ya gangaro ya buɗe. Ya salam! Ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki ƙamshin wardi. Gwaggon maigidana, tsohuwar da muke zaune da ita, tana daga tsakar gida ta jiyo, ta ɗaga murya: "Ke mai bakin nan, wane ne ya kai turare ɗakin mai takaba? Fitar da shi!"

Sai muka ji murya daga kan gado. "Ba turare ba ne, Gwaggo. Shayi ne."

"Shayi? Shayin da ke ƙamshin amarya?"

"Shayi ne," ta sake cewa, ta juya fuska bango. Tun rasuwar ban ji ta haɗa magana mai tsawon haka ba.

Maigidana ya je ya tambayi limamin unguwa, liman ya ce abin sha ba turare ba ne, ta sha abinta. Na kawo mata labari da murna, ina ganin an samu ƙofa. Ta girgiza kai. "Ba zan iya ba, Yaya." Na juya zan fita, sai ta ce, "Danshin damina zai ɓata ganyayen da ke jakar nan, shi kuma ya ƙi jinin asara. Akwai waɗanda ya sayo gab da tashinmu, ko ni ban ɗanɗana ba. Ke ki sha. Ki faɗa min yadda suke."

Haka na samu aikin da ban taɓa jin an ba wani ba. Bayan la'asar in hura gawayi a ƙarƙashin rakuba, ita tana zaune a bakin gado daga cikin ɗaki, ƙofa a buɗe, in dafa in sha in ba da labari.

Ni fa shayin da na sani tun tasowata ɗaya ne: baƙin ganye, a tafasa shi har ya yi jawur, sukari cokali uku, da safe a zuba madara. To ga ni da gwangwanaye cike da ganye dogaye, wasu da busassun furanni a ciki, rubutun jikinsu kuma ko da na iya karatu ba na jin harshenmu ne.

Na wardin na fara da shi. Furannin suka buɗe a cikin ruwa kamar an tashe su daga barci. Na kai hannu ga sukari ta ce, "Rabin cokali." Na ce, "Rabi? Ƙanwata, wannan ai zalunci ne." Na kurɓa. Ƙamshin ya fi ɗanɗanon ƙarfi nesa ba kusa ba. Na ce mata kamar baƙuwar da ta ci ado ta cika gida da ƙamshi, amma in ta buɗe baki sai ka matso kafin ka ji me take cewa. Ta ce wani alhaji ne ya kawo masa daga Madina.

Akwai wani baƙi mai ƙamshin ɓawon lemo, shi yana ɗan cizon ka a ƙarshen harshe, irin maƙwabciyar nan da gaisuwarta ma tsokana ce amma ba ka iya kwana biyu ba ka neme ta ba. Shi na fi so a cikinsu har yau. Na tuffa da girfa kuwa maƙaryaci ne, hanci ya yi maka alƙawarin alewa, baki ya tarar da tsami. Wani kuma furanni ne zalla, ƙanana rawaya, ta ce sunansa babunaj. Da na sha sai na tuna shekarar da na bi maigidana Gadambaliya aikin yankan dawa, ƙamshin busasshiyar ciyawa da hantsi, da ɗan zaƙi can ƙasa kamar an gifta da zuma ta nesa. Na sha shi na yi hamma har Gwaggo ta ce in tashi kada in faɗa wuta.

Kowane gwangwani da labarinsa. Wannan direban Bur Sudan ne ya kawo, wancan ya yi wata yana roƙon wani ɗan kasuwa kafin ya sayar masa. Tana faɗa a hankali, ni kuma kunnena yana kan muryarta, ina jin ta tana ɗan ƙara kauri. Wani lokaci har in ji ta haɗiyi yawu. Amma in na miƙa kofi ta kau da kai, kwanon abincinta kuma yana komawa yadda ya zo. Hirar tana tafiya, jikin yana ƙarewa. Na rasa yadda zan yi.

Sai ranar wani koren gwangwani. Ganyensa ba baƙi ba ne, kore ne, an murza shi ƙulu-ƙulu kamar ƙwayar gero, da fararen furanni jefi-jefi. Ranar tana kwance, ba ta ga wanda na ɗauko ba. Na watsa shi a barrad, butar shayinmu, na ɗora a wuta kamar kullum. Maƙwabciyata ta leƙo ta kan danga tana ba ni labarin akuyarta da ta shige gonar riɗin mutane, ni kuwa in hira ta yi daɗi ba na ganin wuta. Shayi ya yi ta tafasa.

Na zuba, na ce, "Ƙanwata, tashi, ga na yau." Ta tashi zaune. Na kurɓa.

Wallahi ban taɓa sa abu mai ɗaci irin wannan a baki ba, ga wani ƙamshi mai hawa kai kamar na haɗiyi kumfar wanka. Na so in gyara fuska, fuska ta ƙi.

"Yaya, yaya yake?"

Bakina ya riga hankalina. "Allah ya jiƙansa da rahama, amma wannan kam an cuce shi. Sabulu aka sayar masa."

Gwaggo tana tsintar wake, ta saki tire. "La ilaha illallahu! Ke dai bakinki ba ya da murfi."

Sai na ji muryar da ban taɓa ji daga gare ta ba, mai kaifi. "An cuce shi? Shi? Mutumin da ko a cikin buhu aka gauraya masa habahan sai ya gane da hanci? Wane gwangwani kika buɗe?"

Na ɗaga mata koren.

"Wannan yasmin ne! Wannan muke sha duk Juma'a in ya dawo masallaci. Nuna min barrad ɗin."

Kafin in motsa ta dafa bango ta miƙe. Matar da sai an riƙe ta take zuwa alwala, ta tako har rakuba, rana ta haske mata fuska tana ƙifta ido. Ta buɗe murfi ta leƙa.

"Innalillahi. Tafasa shi kika yi? Yaya, miyar kuka kike kaɗawa?"

"To ai shayi ne."

"Matsa. Matsa min, don Allah."

Na matsa. Ta zauna a kujerata, ta zubar da nawa a gindin bishiya ko tausayi babu, ta ɗauraye barrad. Ta tafasa ruwa zalla, ta sauke, ta ce a bar shi ya huce fushinsa tukuna. Ta ɗebi ganyen da 'yan yatsu uku ta zuba a kofin gilashi, ta bi shi da ruwan, ta rufe da ɗan faranti. Duk tana yi tana faɗa, wai mutanen Gadarif ko dutse suka samu sai sun tafasa shi sun sa sukari. Ƙwayoyin nan suka warware a hankali suka zama ganye, ruwan ya yi launi kaɗan kamar man riɗi sabon tatsa.

Ta buɗe farantin. Sai ta yi abin da duk macen da ta taɓa girki take yi ba tare da tunani ba: kafin ta miƙo min, ta kai bakinta ta kurɓa don ta ji ko ya yi.

"Yauwa," ta ce. "Haka yake. Kin ga shi ba a..."

Maganar ta tsaya. Ta dubi kofin, ta dube ni. Na karɓe na ajiye, sai ta faɗo jikina. Kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da gawar mijinta, ranar ta yi shi, da ƙarfi, da majina, har maƙwabciya ta sake leƙowa ta koma da sauri.

Da ta samu numfashi ta ce a kafaɗata, "Da daɗi, Yaya. Abin da nake tsoro ke nan. Ya tafi, kuma abin har yanzu da daɗi. Ta yaya zan ji daɗin abu shi yana cikin ƙasa?"

Ni ba malama ba ce. Na ce, "To da ba daɗi zai tsallake komai na shagonsa ya rungumo shi tun daga Umdurman? Ke ya ɗauko wa, ƙanwata. Ni aron bakina kawai kika yi, kuma kin ga ɓarnar da na yi da shi."

Ta yi wata 'yar dariya a tsakiyar kukan.

Gwaggo ta tashi da kyar ta shiga ɗakinta, ta fito da ragowar zalabiyar safe, 'yan ƙananan fanken nan, a kwano, ta dire a gabanta. "'Yar nan, ba a shan shayi da cikin wofi, sai ya murɗe ki. Ci." Sannan ta miƙo nata kofin. "Ni ma zuba min sabulun nan in ji."

Ta ɗauki zalabiya ɗaya, ta tsoma, ta ci. Ta ɗauki ta biyu. Ni da Gwaggo muka dubi gefe kamar ba mu gani ba, don kada idonmu ya kore ta.

Nawa kofin da ta haɗa min da hannunta, ba sukari ko ƙwaya, na riƙe shi da shakka. Da farko kamar ruwan ɗumi kawai. Sai bayan na haɗiye, ƙamshin ya taso daga maƙogwaro ya fito ta hanci, sanyi-sanyi, kamar iskar da ke zuwa kafin ruwan farko ya sauka. Ba ya kama harshe, ba ya neman ka yabe shi. Na ce, "A yafe min, ba a cuce shi ba." Ta share ido da bakin tob ta ce, "Da ma."

Ba a ranar ta warke ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Akwai ranakun da ta koma bango. Amma daga ranar wuta ta koma hannunta, ta ce ba za ta sake bari in kashe mata ganye ba, kuma wanda yake dafawa dole ya ɗanɗana, wanda ya ɗanɗana kuma cikinsa yana tambayar abinci. Ta gama takabarta da ƙafafunta, tana nan tare da mu har yau, ta yi ƙiba, tana yi min faɗa.

Abin da na koya shi ne, mai baƙin ciki ba lallashi kaɗai yake bukata ba. Mu mun yi ta yi mata magana kamar wadda ta riga ta bi mijinta, ita ma ta yarda. Ranar da aka yi mata magana kamar mai rai, aka ɓata mata rai, aka bar mata abin da ita kaɗai ta iya gyarawa, ranar ta tashi. Shi ya sa yanzu in na shiga gidan makoki nakan yi ta'aziyyata da ladabi, amma in kwanaki sun ja ba na ci gaba da raɗa. Nakan zauna in yi hira da muryata ta kullum, in nemi a nuna min yadda ake wani abu, in bar wa mutum wurin da zai ce min, "Matsa, ba haka ake yi ba."