Dodon da Ke Magana da Muryar Yayana

Shekarun baya kaɗan, ina aji ɗaya a makarantar kwana a Karaye, aka zo aka ɗauke ni ranar wata Laraba, wai mahaifiyata ce take son ganina. Da muka isa ƙauyenmu da ke yankin Fulatan, abin da na fara gani shi ne babur ɗin yayana a cikin zaure da rana tsaka, an lulluɓe shi da buhunan taki guda biyu. Lokacin cirar gyaɗa ne, kuma a irin wannan lokaci babur ɗin ba ya dawowa gida sai magariba. Sai daga baya na lura da tabarmin da aka shimfiɗa a ƙofar gida da mutanen da ke zaune a kansu. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. An riga an kai yayana makwancinsa tun da hantsi.

Shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ni ce auta, tsakaninmu shekara goma sha ɗaya. Manomi ne kamar kowa a garinmu, sai dai yana da wani abu da ake masa dariya a kai, wato son fina-finan Japan na manyan dodanni. Irin waɗanda dodo zai taso daga teku, tsayinsa ya fi bene, ya shiga birni yana taka gidaje, yana tsinka wayoyin wuta, ya ɗauki jirgin ƙasa kamar rake. Mutum ne da bai taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da ya sani shi ne dam ɗin Karaye, kuma duk ranar da zai mayar da ni makaranta sai ya rage gudu a inda ake hango ruwan, ya ce in duba da kyau ko zan ga ƙayar bayan mutumin nasa, wato dodo.

Tsofaffin ya fi so, har da marasa kala. Na zamani da ake haɗawa da kwamfuta, ya ce dodonsu ba shi da nauyi. A tsofaffin kuwa mutum ne a cikin rigar roba, yana gumi yana tafiya da ƙyar, birnin kuma ƙananan gidaje ne da aka ƙera da hannu. Yakan ce mutumin da ke cikin rigar lebura ne ɗan'uwansa, ya san irin wahalar da yake sha.

Ni aikina lura. Tun ina ƙarama ba na magana, har ya sa mini suna Sarkin Surutu don tsokana, amma idona ba ya wuce abu. Bayan la'asar, idan ya dawo daga gona, mukan zauna a shagonsa da ke jikin zaure, ya jingina wayarsa da kofin silba. Ni na fara nuna masa siririn zaren da ke riƙe da jirgin sama. Ni na ga labule a tagar wani ɗan gida da bai wuce ƙiftawar ido a fim ɗin ba kafin a take shi. Ya tsayar da hoton ya daɗe yana kallo. Ya ce wani ya zauna ya yanka ƙyalle, ya ɗinka, ya rataya, alhali ya san rugujewa za a yi, kuma wataƙila a duk duniya ba wanda ya ga labulen nan sai wata yarinya a Fulatan. Ranar na ji kamar an ba ni kyautar ta ɗaya a aji.

Daga baya ya koyi yadda ake ɗora murya a kan hoto a wurin wani mai shagon cajin waya a Rogo. Sai ya fara abin da yake kira fassara, duk da ko kalma ɗaya ta Japananci bai sani ba. Dodo zai fito daga ruwa yana ƙorafin ciwon baya. Manyan sojoji za su tsaya suna gaisawa, ina gajiya, ya iyali, ya muka ji da jama'a, gari yana ci da wuta a bayansu. Mai labarai zai sanar cewa dodo ya baro Beli ya nufi Rogo, masu awara su kwashe kaskonsu. Amma idan aka zo ƙarshe, inda ake taruwa a kan dodon da bindigogi, sai ya daina wasa. Muryarsa takan yi ƙasa. A ganinsa dodon ba mugu ba ne, yana barcinsa mutane suka tashe shi da bama-bamansu. Fim bakwai ya yi wa haka, duk suna cikin memorin wayarsa. Bai yarda ya tura wa kowa ba, kullum sai ya ce bai gama gyarawa ba.

Mahaifiyata kuwa, kun san yadda ake yi da ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake, ba ta nuna ta damu da abin da yake yi. Wancan take ce masa. Idan yana fassararsa takan ɗaga murya ta ce, ke, ce wa wancan ya rage surutu ya zo ya ba awaki ruwa. Sai dai na lura da wani abu da ban gaya wa kowa ba. Inuwa ta fi kyau a gindin darbejiyar tsakar gida, amma ita a jikin bangon shagonsa take shimfiɗa tabarma, daidai ƙasan taga, ta yi ta ɓarar gyaɗa. Idan dodo ya fara magana hannunta yakan tsaya.

Washegarin addu'ar bakwai Baffa ya aika a kira ni zaure. Yayan mahaifina ne, shi ke rubuta wa dagacinmu takardu, kuma duk wata hidimar gida a hannunsa take. Na shiga na durƙusa na gaishe su. Maza biyar ne a zaune, mahaifina yana gefe kansa a sunkuye, wayar yayana tana kan tabarma a gaban Baffa.

Ya yi mini magana a hankali. Ya ce an gaya masa wayar cike take da fina-finai, kuma yadda ake yi shi ne a goge irin waɗannan daga wayar mamaci, don kada wani ya riƙa kallo ana rubuta wa wanda ke kwance zunubi. Ya ce ba abin da za su iya yi wa yaron yanzu sai addu'a da rage masa kaya. Idonsa ya yi ja yana faɗa. Sannan ya ce:

"'Yata, ke ce mai zama da shi. Akwai wani abu mai amfani a ciki da ya kamata a ajiye? Hoton takarda, ko wani saƙo?"

Amsar tana bakina. Muryarsa ce a ciki, Baffa. Kalma biyar ko shida. Amma na ɗaga ido na ga ƙafafuwan mutanen a jere, na tuna ban taɓa yin magana mai tsawo a zauren nan ba. Wani tsoro kuma ya shigo mini, cewa idan na ce ya ɗora muryarsa a kan fim, za a ce ashe ba kallo kaɗai yake yi ba, har yi yake, in ƙara masa laifi a idon mutane kwana takwas da rufe shi. Na ce a raina zan gaya wa Inna da yamma, ita ta san yadda za ta yi.

"Fina-finai ne kawai, Baffa," na ce.

Ya sa mini albarka, na tashi. Ban san a ranar zai tafi Rogo ba. Kafin la'asar ya dawo, ya miƙa wa mahaifina wayar, na jiyo shi daga tsakar gida yana cewa alhamdulillahi, an sauke masa wannan.

Ana gobe zan koma makaranta Inna ta zaunar da ni tana yi mini kitso. Ina tsakanin gwiwoyinta, ba na ganin fuskarta, ina jin shi ya sa ta zaɓi lokacin. Ta kai rabin kai sannan ta ce, kamar wadda ke tambayar kuɗin gishiri:

"Surutun nan da wancan yake yi a ɗaki, yana nan cikin wayar ko?"

Na ce an goge.

Yatsunta suka tsaya a cikin gashina. Ta tambaya ko Baffanmu bai nemi jin ta bakina ba kafin ya tafi. Na ce ya nema. Ta ce to. Ta ci gaba da kitson, ta gama shi tsaf, ta shafa mini mai. Da ta dake ni da ya fi mini sauƙi. Ashe duk kwanakin makokin nan jira take mutane su watse ta sa ni in kunna mata, tunda kunya ba za ta bar ta ta tambayi wayar ɗan farinta a gaban dangin miji ba.

Zangon karatun nan ban san yadda na yi shi ba. Da aka yi hutu na sa ƙanin mahaifiyata ya tambayi abokan yayana ko akwai mai wani abu na muryarsa. Babu. Ba mutum ne mai tura saƙon murya ba, ƙauyenmu ma sai ka hau tudu kake samun sabis. Hotunansa biyu aka samo, ɗaya ma ya juya baya.

A hutun ne na gaya wa Inna komai, muna ɓarar gyaɗar iri. Na faɗa mata tambayar da Baffa ya yi da amsar da na ba shi da dalilina, ina kuka ina haɗiye rabin maganar. Ta saurara har na gama. Ta ce Baffanmu alheri ya nufa, ni kuma yarinya ce, Allah ya riga ya rubuta. Muka ci gaba da aiki. Can sai ta ce, ba tare da ta kalle ni ba:

"Me dodon nan yake cewa idan ya fito daga ruwa?"

Na share hanci, na yi ƙoƙarin kumbura 'yar siririyar muryata, na ce, "Wai wane ne ya tashe ni, ina fama da bayana?"

"Ba haka yake yi ba," in ji ta. "Tari yake fara yi. Sannan ya ja ƙarshen."

Na sake, ta sake gyara mini. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, har gaisuwar sojoji da sanarwar masu awara. Duk ta haddace, har da wuraren da ni na manta, ita da ba ta taɓa kallon hoton ko sau ɗaya ba. A wurin masu awara ta yi dariya, dariyar ta juye, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce in tashi in duba tukunya. Babu komai a kan wuta. Na tashi na je na tsaya a madafa.

Yanzu ina ajin ƙarshe. Wasunku kan tambaye ni me ya haɗa yarinya da hotunan dodanni da nake ɗorawa a shafina na intanet idan an yi hutu, ƙawayena na makaranta ma sun gaji da yi mini dariya. To ga dalilin. Har yau ina kallonsu, ina neman zare da labule, kuma har yau idan aka taru a kan dodon a ƙarshe ba na iya kallo sosai. Ban riƙe Baffa a zuciya ba. Hukuncin abin ban sani ba, ba ni da ilimin da zan ce ya yi daidai ko kuskure. Abin da na sani shi ne ya tambaya, kuma ni aka tambaya. Tun ina ƙarama ake yabona da natsuwa, ana cewa 'yan mata su yi koyi da ni, ni ma na ɗauka shirun nan ado ne. Abin da ya fi damuna kwanan nan shi ne idan na tuno muryar yayana, ban tabbata tasa nake ji ba ko kwaikwayon da nake yi wa Inna.

Bara, a hanyar komawa makaranta, muka tsaya a Rogo jiran mota. Na gane shagon cajin daga kwatancen da yayana ya sha yi mini. Sau uku ina wucewa ta ƙofarsa kafin in iya yin sallama. Da na faɗi ko ni ƙanwar wane ce, mai shagon ya ajiye wayar da ke hannunsa, ya yi masa addu'a, ya ce da hannunsa ya goge memorin, kuma bai san fassarorin nan suna ciki ba sai bayan dattijon ya tafi. Sannan ya ce akwai guda ɗaya da ya taɓa tura wa wani direba ba da sanin yayana ba, saboda mutumin ya nace. Yana jin ɗan wajen Yola ne ta Karaye, amma sunansa ya ɓace masa, kuma ya daɗe bai gan shi ba. Ya ce kada in sa rai, mutane suna canza waya kamar riga.

Ana kiran fasinja a waje. Na yage takarda daga littafin lissafina na rubuta lambar mahaifina, na ajiye masa a kan tebur. A bakin shagon akwai maza uku suna jiran wayoyinsu, duk sun zuba mini ido. Wannan karon na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malam, don Allah, duk wanda ya kawo maka memori ya ce ka goge, ka ɗan buɗe tukuna. In ka ji dodo yana tari kafin ya yi magana, kada ka taɓa. Mahaifiyarsa tana so ta ji."