Gonarmu Ba Wurin Horo Ba Ce

A makarantarmu ta jeka-ka-dawo da ke Birnin Kudu, noma horo ne. Ka makara, a miƙa maka fartanya. Ka yi surutu a aji, fartanya. Shi ya sa da malamin aikin gona ya kafa ƙungiyar ɗalibai manoma aka yi ta yi mana dariya, wai mun kai kanmu horo ba mu yi laifin komai ba.

Ni dai na shiga, har aka ba ni shugabanci. Irin gyaɗar da muka shuka ma wurin innata na roƙo a Kangire, cikin wanda ta adana don damina. Sai da ta ja min kunne, in na lalata mata iri kada in ƙara tambayarta. Ruwa na sauka muka ja igiya, malam yana nuna mana tazarar rami, mu jefa ƙwaya mu take da dunduniya. Ranar da ta tsiro, wallahi kamar in rangaɗa guɗa.

Sai malamin ladabtarwa ya ga ciyawa ta taso, ya fara turo mana makararru. Wanda ke cike da haushi ina ruwansa da gyaɗa? Sara kawai suke yi, ciyawa da shuka duk ɗaya. Kunyoyin bakin hanya tas suka aske su. Na kai ƙara, aka ce in yi haƙuri, ai taimakonmu ake yi.

Washegari na riga su zuwa, na tsaya a bakin gonar, 'yan ƙungiya a bayana. Malamin ladabtarwa ya iso da ayarinsa, ya ce in matsa. Na ƙi matsawa, na ce:

"Malam, a kai su shara. Gonar nan ba mai shigarta sai mai sonta."

Ya ce tunda na hana su, to in karɓi hukuncinsu, bulalar kowa a hannuna. Ya zaci zan kauce. Na miƙa hannu. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, kuma har yau ina jin haushin malaman da suka tsaya kallo. Amma makararrun nan shara suka tafi.

Kafin a tashi tafukana sun kumbura, ko ƙotar fartanya ba na iya riƙewa. Na durƙusa tsakanin kunyoyi, 'yan ƙungiya suna noma, ni ina tsinke ciyawa da kan yatsu.