Allurar Wata Tara

Ni fa ban taɓa ƙin rigakafi ba, kada wani ya ɗora mini wannan. A layinmu na Nasarawa akwai matan da ke tura yara bayan ƙyaure in sun ji sallamar masu ɗigon shan inna. Ni kuwa da gudu nake fito da ɗiyata, in matse mata kumatu a ɗiga mata, a shafa mata tawada a ƙaramin yatsa. Har gori nake yi wa masu ɓoyon: "Ku yi ta ɓoyo, mu dai mun sha."

Na ɗauka ɗigon nan ya gama komai. Shi ya sa tun bayan allurar wata uku na tura katin asibitinta ƙasan akwati. Me zai kai ni bin layi cikin rana, alhali magani na biyo ni har ƙofar gida?

Maƙwabciyata tela ce, Kirista 'yar Filato, ta girme ni. Wata rana tana auna wa yarinyar riga sai ta ce, "Ƙanwata, an yi mata ta wata tara kuwa? Ta baƙon dauro?"

"Haba Yaya, dubi yatsanta mana. Jiya-jiyan nan aka ba ta."

"Wannan daban, waccan daban. Ki shirya ran Talata mu je tare."

Na ce to, don dai ta ƙyale ni. A raina na ce ji iyayi, keken ɗinki ya mai da ita likita. Ran Talatar ma muna Zauro ana yankan shinkafa, ni ke dafa wa masu aiki abinci. Maganar ta bi ruwa.

Da zafin bazara baƙon dauro ya shigo layinmu. 'Ya'yan telar ko atishawa ba su yi ba. Tawa tana da shekara ɗaya da wata biyu. Zazzaɓi, idanu jajur, sai ƙuraje suka feso daga bayan kunne. Kwana huɗu ina cewa ai ta sha rigakafi, da sauƙi zai zo mata. Sai da numfashinta ya koma sama-sama muka ɗauke ta.

A asibiti wata nas ta buɗe katin, ta ɗora yatsa a gurbin da ba a rubuta komai ba. Na ce mata ɗigo kam ba wanda ya wuce mu. Ta ce, "Baiwar Allah, jiki koyo yake yi. Kowane rigakafi da cutar da yake nuna masa, don ya gane ta ranar da ta zo. Ɗigon nan, shan inna kawai ya nuna masa. Wannan kuwa jikinta bai san shi ba."

A hankali ta faɗa. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kwana uku muka yi, yarinyar ta cika bayan Azahar. Masu gaisuwa suna ta cewa kwana ne ya ƙare, in yi haƙuri. Na sani, na kuma yarda. Amma har yau in na tuna yadda nake ɗaga yatsan nan ina nuna wa mutane, kunya da baƙin ciki sai su rufe ni.

Da aka zo yi mata wanka surukata ta ce in fita, na ƙi. Ni na riƙe ƙafafun. Ƙuraje ko'ina, amma ƙafafun a miƙe suke, cike da tsoka, shan inna bai taɓa su ba. Makonta uku ke nan da fara takawa da su.